Buda da Iskoki: Ginshiƙan Addinin Buda da Abin da Suke Haska Mana a Ƙasar Arewa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tushen koyarwar addinin Buda da manyan rassansa, sannan ta bi sawun tambaya guda: yaya aka yi addinin da ke cewa tsira ba ta hannun kowane abin bauta ya zauna sama da shekara 2000 tare da iskokin ƙasashen da ya shiga, bai kore su ba? An auna amsar da abin da aka sani game da Gubawa da Arawa da 'yan bori a gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso.

Gabatarwa



Ba a san ƙasar Arewa, wato yankin Dallol Mawri, da mabiya Buda ba. Ko a faɗin Afirka ma 'yan tsiraru ne, kuma wuraren ibadarsu da suka yi suna sababbi ne, kamar Nan Hua da aka fara ginawa a Afirka ta Kudu a 1992, da cibiyar da aka buɗe kusa da Entebbe ta Yuganda a 2005. Don haka wanda ya ce me ya kawo Buda Dallol Mawri bai yi laifi ba. Amsata biyu ce. Ta farko, nazarin addinin wasu ba baƙon abu ba ne a karatun Musulunci. Ibn Nadim ya yi bayanin mabiya Buda a littafinsa Al-Fihrist a Bagadaza wajen 987. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ba su gurbi a Al-Milal wan-Nihal, har ya ce siffar da suke ba Buda ta yi kama da ta Halliru. Baramika, waziran Halifa Haruna Rashid, kakanninsu ne ke riƙe da babban gidan ibadar Buda na Nawbahar a Balk kafin su musulunta. Waɗannan malamai ba su karanta don su bi ba, sun karanta don su sani, kuma a kan turbarsu nake. Ta biyu, addinin Buda ya fuskanci matsalar da mu muka fi kowa saninta a nan, wato yadda addinin littafi ke yi da iskokin ƙasar da ya tarar. Ya warware ta ta wata hanya dabam da tamu, kuma sanin wannan hanya yana gyara tambayoyin da muke yi wa tarihinmu.

Mutumin da koyarwarsa

Siddarta Gautama ɗan gidan sarautar Sakiya ne, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau. Masana sun saɓa a kan zamaninsa: tsohon lissafi ya sa rasuwarsa wajen 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu bincike na baya-bayan nan kuma sun matso da ita kusa da 400. Ruwayar mabiyansa ta ce ya bar gida da mata da ɗa yana da shekara 29, bayan ya ga tsoho da majinyaci da gawa. Ya azabtar da jikinsa da yunwa shekara shida, ya ga ba ta kai shi ko'ina ba, ya bari. Yana da 35, a gindin wata bishiya a Bod Gaya ta jihar Bihar, ya ce ya farka, daga nan aka kira shi Buda, wato farkakke. Ya yi wa'azinsa na farko ga mutum biyar a Sarnat kusa da Baranasi, ya yi shekara 45 yana yawon koyarwa, ya mutu a Kushinagar yana da 80.

Koyarwar tasa ta tsaya a kan gaskiya huɗu, kuma an jera su ne yadda mai magani ke duba cuta. Akwai wahala, wadda suke kira dukka: haihuwa da tsufa da ciwo da mutuwa, da rabuwa da abin so, da haɗuwa da abin ƙi, har da daɗin da ba ya daɗewa. Wahalar tana da sanadi, shi ne ƙishirwar zuciya, wadda ba ta ƙoshi. Idan ƙishirwar ta mutu wahalar ta mutu, wannan shi ne nibbana, mutuwar wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu. Akwai kuma hanya mai rassa takwas da ke kaiwa can, wadda malamansu ke dunƙulewa gida uku: gyaran hali, tattara hankali wuri guda, da basira. Mabiyi na gida yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba alfasha, ba ƙarya, ba maye. Wanda ya bar duniya ya shiga jama'ar masu zuhudu, wadda ake kira sanga, dokoki 227 ne a kansa a reshen Terawada. Ba ya noma, ba ya ciniki, yana fita da ƙoƙonsa da safe kamar almajiri, kuma wata uku na damina yana zaune wuri ɗaya.

Har nan Musulmi zai ji abubuwan da bai ƙi ba. Saɓanin yana farawa ne daga abu uku, kuma su ne suka shafi batunmu.

Na farko, Buda bai koyar da Mahalicci ba. Da wani almajirinsa ya matsa masa da tambayar ko duniya tana da farko da ƙarshe, sai ya ba shi misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi, ya hana a cire ta sai an gaya masa sunan maharbin da danginsa da icen da aka sassaƙa bakan. Wannan mutum zai mutu bai ji amsa ba. Wato a wurinsa tambayar asalin halitta ba ta cire kibiya.

Na biyu, ya musanta cewa akwai wani rai tabbatacce a cikin mutum. Abin da muke kira "ni", in ji shi, tarin abu biyar ne da ke sauyawa kullum: jiki, da ji, da ganewa, da ƙudurorin zuciya, da sani. Wannan ita ce anatta, kuma ita ce ta raba shi da malaman Indiya na zamaninsa. Amma duk da haka ya yarda da sake haihuwa. Abin da ke ƙetarawa daga rayuwa zuwa rayuwa ba rai ba ne, sakamakon aiki ne, wato kamma, kuma ya ce niyya ita ce aikin. Babu alƙali, babu ranar hisabi. Aiki ne ke haifar da sakamakonsa da kansa.

Na uku, kuma nan ne zan so a tsaya da kyau, sake haihuwar tana iya kai mutum ɗaya daga cikin gidaje biyar, ko shida a wani lissafin: gidan alloli, da na abokan gabarsu, da na mutane, da na dabbobi, da na fatalwowi mayunwata, da na wuta. Ba ɗaya daga ciki da ke dawwama. Allolin da Indiyawa ke bauta wa, Buda bai ce babu su ba. Cewa ya yi suna nan, suna da ƙarfi da tsawon rai, amma su ma za su mutu, su ma ƙishirwa na cin su, kuma mutum ya fi su sa'a domin shi ne wahala ta isa ta farkar da shi ba tare da ta danne shi ba. Da wannan ya sauke duk wani iska daga matsayin ubangiji zuwa matsayin maƙwabci mai iko wanda shi ma yake neman mafita.

Rassa uku a taƙaice

Sarki Asoka, wanda ya mulki mafi yawan Indiya daga wajen 268 zuwa 232 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fitar da addinin daga kwarin Ganga. Ɗansa Mahinda ya kai shi Siri Lanka, inda aka rubuta littattafansa da harshen Pali a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya. Wannan reshe shi ne Terawada, na Siri Lanka da Bama da Tailan da Lawos da Kambodiya. Mahayana ya taso daga baya da aƙidar bodisatwa, wanda ke ɗaura niyyar tsirar da dukan halitta ba kansa kaɗai ba. Ya shiga Sin a ƙarni na 1, Koriya a na 4, Japan a na 6. Wajirayana na Tibet da Mongoliya da Butan ya kafu a Tibet daga ƙarni na 7 zuwa na 8. A Indiya kuwa addinin ya dusashe, sai a 1956 da Ambedkar, jagoran mutanen da tsarin rarrabe jama'a bisa asali ya wulaƙanta, ya shige shi a Nagpur tare da dubun dubatarsu. Kada kuma sunan zaman lafiya da addinin ya yi ya rufe mana ido: abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a Bama a 2017, da wa'azin ƙiyayyar da wasu masu zuhudu suka yi kafin nan, suna cikin tarihinsa.

Yadda ya yi da iskoki

Tsofaffin labaran Buda cike suke da iskokin daji da na kogi da na bishiya. Abin lura shi ne ƙarshen labarin kusan ɗaya ne kullum: ba a kashe iskar, ba a kore ta, shiryar da ita ake yi. Hariti aljana ce mai cin 'ya'yan mutane. Buda ya ɓoye autanta, ta haukace da nema, ya ce mata ta auna zafin da iyayen da ta cinye wa 'ya'ya suke ji. Ta tuba, ta zama mai tsaron yara, aka yi mata alkawarin rabo daga abincin gidajen zuhudu. Har yau ana girmama ta a Nepal da Japan.

Abin da labari ya tsara, tarihi ya maimaita shi. A Tibet ruwaya ta ce lokacin gina gidan zuhudu na Samye a ƙarni na 8, iskokin duwatsu sun riƙa rushe aikin, sai malami Padmasambawa ya rinjaye su ya ɗaure su da rantsuwa cewa za su tsare addinin. Ɗaya daga cikin irin waɗannan masu tsaro shi ne na Necun, wanda ke hawa kan wani zaɓaɓɓen mutum ya yi magana da bakinsa, kuma gwamnatin Tibet ta daɗe tana neman shawararsa. Dalai Lama na 14 ya tuntuɓe shi kafin ya gudu daga Lasa a watan Maris na 1959. A Bama ana danganta wa Sarki Anawrata, da ya hau mulkin Bagan a 1044, cewa ya so hana bautar iskokin da ake kira nat, ya kasa, sai ya tattara 37 daga cikinsu a harabar hasumiyar Shwezigon ƙarƙashin shugaba mai biyayya ga Buda. Da yawansu mutane ne da suka yi mummunar mutuwa. Duk shekara ana taruwa a Taungbyon kusa da Mandalay, ana kiɗa, iskokin suna hawa masu ɗaukarsu, waɗanda ake kira matan nat. Wanda ya taɓa tsayawa a wasan bori, ya ga goge da ƙwarya suna kiran iska ta sauko kan dokinta ko goɗiyarta, ba zai buƙaci tafinta a can ba. A Japan an haɗa iskokin da ake kira kami da Buda a haraba ɗaya fiye da shekara dubu, sai a 1868 hukuma ta raba su da doka.

Masana biyu sun zauna a ƙauyuka sun ga yadda abin ke gudana: Melford Spiro a Bama, littafinsa ya fito a 1967, da Stanley Tambiah a arewa maso gabashin Tailan, nasa a 1970. Abin da suka tarar shi ne rabon aiki. Ruwan sama da ciwo da haihuwa da sa'ar kasuwa na iskoki ne. Lada da mutuwa da makomar bayanta na masu zuhudu ne. A Siri Lanka ma haka mutane ke faɗa a fili, cewa akwai al'amarin duniya, akwai na ƙetare duniya. Manomin da ya kai wa iskar gonarsa hadaya da safe, ya zuba wa mai zuhudu shinkafa a ƙoƙo, bai ga ya yi addini biyu ba, domin bai roƙi iskar tsira ba, bai kuma roƙi Buda ruwa ba.

Wuri ɗaya ne sulhun ya yi tsami, shi ne jini. Alkawarin farko ya hana kisa, kuma Buda ya soki yankan hadaya a fili. Saboda haka a wurare da yawa kwakwa da ayaba da furanni suka maye gurbin dabba. Inda iskar ta dage sai kaza da giya, kamar a ƙauyukan da Tambiah ya bayyana, mai zuhudu ba ya sa hannu, wani ne dabam ke riƙe da wannan aiki.

Idan muka juyo gida

Arewa ta san rabon aiki tun kafin Musulunci ya yi ƙarfi a cikinta, amma nata rabon tsakanin ƙasa ne da sarauta. Kamar yadda Marc-Henri Piault ya tattara a littafinsa na tarihin Mawri na 1970, Gubawa su ne 'yan ƙasa, waɗanda suka fara sara daji suka ƙulla alkawari da iskokin wurin. Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji su ne manyan masu riƙe da wannan amana, kuma dutsen Tunguma ne ke yanke hukunci idan magana ta gagara. Arawa kuwa suna jingina kansu ga Ari ɗan sarkin Borno, wanda ruwaya ta ce ɗansa Akazama, da 'yar Baura ta haifa, shi ne tushen sarautar Arewa. Sarki yana da doki da mashi da talakawa, amma ƙasar da yake takawa ba shi ya ƙulla da ita ba. Daga wannan tushe sarautun Matankari da Tibiri da Takassaba suka yi rassa. Ba gado kai tsaye ake yi wa Sarauniya ba, gawar wadda ta rasu ce ake ɗauka ta nuna magajiyarta, abin da ake kira tarkama. Wannan tsari ne ya tsaya gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a watan Afrilu na 1899, labarin da Abdoulaye Mamani ya mai da littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da fim a 1986.

A ƙarni na 19 Arewa ba ta miƙa wuya gaba ɗaya ga daular Sakkwato ba, Samna sarkin Tibiri ma da Kabi ya haɗa kai. Musulunci ya game ƙasar ne a ƙarni na 20, ta hanyar fatauci da malamai da zaman gari, sannan Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta iso ta tsananta tambayar me ya halatta a riƙe daga al'adar kaka da kakanni. Adeline Masquelier, da ta yi bincike a Dogondutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta raɗa wa littafinta na 2001 suna da kukan 'yan bori cewa salla ta ɓata komai. A ganinsu an bar yi wa iskar da ake kira Doguwa yanka, an sare itatuwan da iskoki ke zaune, shi ya sa ruwa ya ja baya ciwo ya yawaita.

Me ya sa ba a ji irin wannan kuka daga matan nat na Bama da wannan ƙarfi ba? Ba don mabiya Buda sun fi mu haƙuri ba ne, kuma ba don malamanmu sun fi nasu zafi ba. Dalilin yana cikin aƙida. Buda ya bar fagen duniya a buɗe domin ba shi da Ubangijin da ke saukar da ruwa. Duk wanda ya cike wannan gurbi bai ƙwace masa komai ba. Tauhidi kuwa bai bar gurbi ba. Wanda ke da Lahira shi ke da damina, shi ke ba da haihuwa, shi ke warkarwa. Musulunci bai musanta aljannu ba, ya ce halittu ne masu mutuwa, cikinsu akwai muminai da kafirai, kuma a nan ya yi kusa da Buda fiye da yadda ake zato. Amma yanka don wanin Allah shirka ne. Ga abin da ya fi jan hankalina a duk wannan nazari: addinan biyu duk a kan jini suka tsaya da iskoki, amma dalilinsu ya sha bamban. Buda ya ƙi yankan saboda dabbar da za ta mutu. Musulunci ya ƙi shi saboda wanda aka yanka dominsa. Na farko ana iya sasanta shi da kwakwa. Na biyu ko furen da aka ajiye da niyyar bauta bai tsira ba.

Wannan ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa bayyana abin da ke faruwa a Arewa da cewa gauraya ce kawai ta Musulunci da gargajiya, kamar yadda wasu marubuta ke yi, su jera mu da Tailan ko Japan a layi ɗaya. A can rabon aikin yana da gindin zama a cikin littafi. A nan matar da ta kai ɗanta asibiti, ta karɓo rubutu wurin malam, sannan da dare ta nemi mai bori, ta san malamin ba zai sa mata albarka a kan na ukun ba, shi ya sa take zuwa da dare. Abin da take yi ba aƙida ba ce da aka tsara, neman lafiyar ɗa ne. Mai wa'azin da ya ɗauke ta a matsayin mai addini biyu bai fahimce ta ba, mai binciken da ya yaba mata da iya haɗa addinai shi ma bai fahimce ta ba.

Akwai kuma inda kwatancen ya gaza gaba ɗaya. Iskokin nat da na Tibet sun rayu ne domin gidajen zuhudu da fadoji sun rubuta sunayensu, sun zana siffofinsu, sun ba su ɗaki. Ilimin 'yan ƙasa na Lugu da Bagaji a ka yake, kuma masu riƙe da shi suna ƙarewa, 'ya'yansu sun musulunta ko sun tafi cin rani. Ba ina kira a koma ga yanka ba ne, ni Musulmi ne. Amma a cikin wannan ilimi akwai tarihin wanda ya fara zama a kowane kwari, da sunayen rijiyoyi da itatuwan da ba a sarewa, da ka'idojin rabon gona, da hanyoyin sulhu tsakanin zuriyoyi, kuma rikicin filaye a Dallol Mawri yana komawa ga waɗannan abubuwa ko an so ko ba a so ba.

Ayyukan bincike kan Arewa da na ambata sun ba da ƙarfi ga sarauta da ciwo da kasuwa da ruwan sama, wato ɓangaren da mabiya Buda za su kira na duniya. Ina ba ɗalibanmu na jami'o'in Yamai da Doso da Tawa shawarar su ɗauki ɗaya ɓangaren su kai wa dattawan Lugu da Bagaji da Tibiri da Geceme: ina kurwar mutum take zuwa idan ya mutu, me ke bin mai mugun aiki, kuma wace alaƙa ke tsakanin kakannin da suka shuɗe da jariran da ake haifa. A naɗi amsar da muryarsu, da Hausarsu ta Arewa, a rubuta sunan gari da zuriyar mai magana bisa yardarsa, a ajiye kwafi a Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam da ke Yamai, a bar wani a hannun mutanen garin.